Yadda ake ɗaukar hoton mazari da kwaɗi a bakin kududdufi

Daga ruwan farko mai ƙarfi har zuwa ƙarshen Satumba, da wuya ka samu unguwa a Damagaram wadda ba ta da nata ruwan da ya kwanta. Ramin da aka haƙi ƙasar gini da rani ya zama kududdufi, kwarin da ke tsakanin duwatsu ya cika, har bayan katangar wani gidan sai ka tarar da ɗan tafki mai ciyawa. Ruwan da muke samu a shekara bai wuce milimita 400 da ƴan kai ba, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake sauka. Saboda haka duk abin da ke rayuwa cikin wannan ruwa sauri yake yi: kwaɗo ya yi ƙwai, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan ya fitar da ƙafa ya fita kafin ramin ya koma taɓo. Wannan gaggawa tasu ita ce ribar mai hoto, domin a fili ɗan kaɗan za ka samu abin ɗauka fiye da yadda za ka iya.

Sana'ata hoton biki da suna da na katin shaida. Da damina bukukuwa kan ja baya, shi ya sa nake samun safiya ta kaina, kuma kududdufin da ke bayan layinmu nake kai ta. Abin da zan faɗa a nan ya shafi mai salula da mai babbar kyamara duka. Bambancin kayan aiki yana nan, amma ba shi ne kan gaba ba.

Fara da kallo

Ranar farko ka bar wayar cikin aljihu. Samu wuri ka zauna, ka zuba wa mazari ido, musamman jan nan da ke sauka a kan busasshen kara. Namiji ne, kuma gadin wurinsa yake yi. Zai tashi ya kori wani, ko ya cafko ƙwaro a iska, sannan ya dawo kan karan da ya bari, sau da yawa ma yana fuskantar inda yake fuskanta ɗazu. Wanda ya gane wannan ya gama rabin aiki. Ba ka bin mazari. In ka bi shi, ku wuni kuna zagaya ruwa. Wurin saukarsa kake riƙewa, ka daidaita hotonka a kan karan tun yana can yana yawo, ka jira.

Abin da ya fi haka ma, kai za ka zaɓa masa wurin sauka. Ɗauki karan gero ko na dawa mai tsawon kamu biyu ko uku, ka kafa shi a gefen ruwa ya ɗan karkata, a inda babu wani dogon abu kusa. In akwai mazari a wurin, ba a daɗewa wani zai karɓe shi. Kafin ka kafa, durƙusa ka duba abin da zai fito a bayansa. Kududdufanmu, gaskiya ɗaya ce, ba su rasa baƙar leda da robar ruwa da tsumma. Nemi kusurwar da bayan karan zai zama koren ciyawa mai nisa, ko ruwa zalla, ko jikin dutse. Gwargwadon nisan bayan da karan, gwargwadon yadda zai narke ya bar mazarin shi kaɗai a fili. Ledar da ta shigo hoto kuwa, tashi ka ɗauke ta da sanda tun da wuri, ya fi ka zo kana fama da gogewa daga baya.

Akwai wani mazari mai launin ruwan ɗorawa da ke yawo garke-garke sama da ruwa, ba ya cika sauka ba. Shi ne mai bin damina daga ƙasa zuwa ƙasa, har masu bincike sun nuna irinsa na ƙetare teku daga Indiya zuwa gabashin Afirka. A ruwan wucin gadi yake zuba ƙwai, ƴaƴansa kuma su girma cikin abin da bai kai wata biyu ba. Kada ka fara da shi, zai cinye maka caji a banza. Fara da masu sauka, da kuma sirara ɗin nan masu naɗe fukafukai a bayansu cikin ciyawa. Su ba su da saurin firgita.

Sauka ƙasa

Hoton da aka ɗauka a tsaye, ana leƙen kwaɗo daga sama, kowa ya san shi: baya ne kawai da laka. Dole idon kyamara ya sauko daidai idon abin da kake ɗauka. Zo da tsohon buhu ko guntun tabarma ka shimfiɗa, ka kwanta rub da ciki, gwiwar hannu biyu a ƙasa. Mai salula ya juya ta kai ƙasa, yadda idon kyamarar zai koma kusa da ƙasa. Wannan kaɗai yana saukar da kai kusan tsawon wayar. Daga nan za ka ga maƙogwaron kwaɗo yana motsi, ka ga inuwarsa cikin ruwa, bayansa kuma ya yi nisa ya narke.

Matsowa ita ma da ƙa'idarta. Idon mazari ya kusa mamaye kansa duka, wasu nau'in suna da ƙananan idanu har kusan 30,000 a kowane gefe, kuma motsi ne abin da suka fi gani. Motsi na gefe da na farat ɗaya shi ke tayar da shi. Ka taho masa kai tsaye, a hankali, wayar tana gaban fuskarka tun daga nesa, kada sai ka iso ka ɗaga hannu. Ɗauki hoto tun kana nesa, matsa kaɗan, ƙara ɗauka, ka yi ta haka har ya tashi. In ya tashi kada ka motsa, zai dawo. Inuwarka kuma kada ta faɗa kansa. Farar riga mai ɗaukar ido da babbar riga mai kaɗawa a iska, a bar su a gida.

Saiti, inda yawancin hotuna ke lalacewa

Idan ka matso kusa sosai, wurin da ke fitowa tar a hoto yana zama siriri ƙwarai. A babbar kyamara, in girman ƙwaro a cikinta ya kai girmansa na zahiri, ko a f/8 (lambar da ke nuna yadda aka tsuke ƙofar haske ta gilashin kyamara) kaurin wurin da ke fita sarai da ƙyar yake kai milimita 1. Numfashinka kaɗai ya isa ya fitar da ido daga saiti ya kai shi kan fiffike. Salula ta ɗan fi sassauci, amma da zarar ka maƙala mata gilashin kusa, ita ma haka take.

Abu biyu ke maganin wannan. Na farko, ido. In idon ya fito tar, mai kallo zai yafe wa wutsiya. In idon ya yi dishi-dishi, hoton ya tafi ko da kowace jijiyar fiffike ta fito. Na biyu, daidaita bayan wayarka da tsawon jikinsa. Wato in mazari ya miƙe daga hagu zuwa dama, wayar ta tsaya a gefensa sak, kai da wutsiya nisansu ɗaya da idon kyamara. Haka za ka samu jikin duka a cikin wannan siririn wuri. In kuwa ta gaba ka zo masa, to ka san fuska kaɗai za ka samu, ka yarda da hakan, hoto ne mai kyau shi ma.

Kada ka bar wa wayar zaɓin inda za ta yi saiti, don ciyawar baya za ta kama. Ɗora yatsa kan allon a daidai karan, ka danne na ɗan lokaci har ta nuna ta kulle. Daga nan jikinka ne zai yi sauran: ka ɗan yi gaba, ka ɗan yi baya, kamar mai zura zare a allura, lokacin da idon ya fito ras sai ka danna. Kuma kada ka danna sau ɗaya. Yi amfani da ɗauka a jere, ka zaɓi ɗaya daga baya. In kana da abin sauraro mai igiya, maɓallin ƙara sautinsa yana ɗaukar hoto a wayoyi da yawa, sai ka huta da girgizar da yatsa ke jawowa.

Iska ma abokiyar gaba ce. Da hantsi ya yi ta fara kaɗa ciyawa, aikin ya ninka. Idan ƙwaron na kan ganye ne kuma ba mai tsoro ba, kama karan da hannun hagu a ƙasa, ka jingina wayar a kan wannan hannun. In sun motsa, tare za su motsa.

Kayan aiki

Yawancin wayoyin da ke hannunmu, su Tecno da Infinix da Itel da Samsung, babbar kyamararsu ba ta iya saiti a ƙasa da santimita 8 zuwa 10. In ka wuce nan sai hoto ya dagule, mutum ya ɗauka wayar ce ba ta da kyau. Ja baya zuwa inda take gani sosai, ka jawo hoton ninki biyu. Kada ka wuce biyu, sai dai in wayar tana da idon jawowa na musamman. Wasu wayoyin suna da ƙaramin ido da aka rubuta wa makro, mai aiki a wajen santimita 4, amma da yawansu megafiksel 2 ne kacal. A ganina gara babbar kyamarar a yanke hoton daga baya.

Gilashin da ake maƙalawa da ɗan matsi, wanda masu kayan waya ke sayarwa, yana aiki fiye da yadda kuɗinsa ya nuna. Sau da yawa biyu ne a haɗe, sai ka warware na saman, na ƙasan shi ne na kusa. Sai dai yana so ka matso har santimita 2 ko 3, kuma ba kowane mazari zai yarda da wannan ba. Wurin aikinsa ƙwan kwaɗo, katantanwa, cikin furen bado, da saɓar mazari. Cire rigar wayar kafin ka maƙala, ka goge idon da ƙyalle mai laushi. Yawancin hazon da mutane ke gani a hotonsu maiƙon yatsa ne.

Mai babbar kyamara, in yana da dogon gilashi mai jawowa irin na milimita 55-200 ko 70-300, ya riga ya samu abin ɗaukar mazari daga nesan da ba zai tashi ba. In yana son ƙarin kusanci, akwai zoben da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi. In babu, gilashin tabaran karatu mai lamba +2 da aka riƙe a gaba zai sa ta yi saiti a wajen rabin mita. Gefen hoton zai ɗan yi laushi, tsakiya kuwa ba laifi. Ni nakan tsaya tsakanin f/8 da f/11, saurin ɗauka 1/250 na daƙiƙa ko sama, ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) 400 zuwa 800. Wuce f/16 yana ƙara kaurin wurin da ke fita, amma yana sa hoton laushi. Ana kuma juya gilashi baya ya koma gaba don ƙara girma, amma a garin da ƙura ba ta ƙarewa ban ba kowa wannan shawara ba, don cikin gilashin ne kake buɗe wa iska. Canjin gilashi ma a ɗaki ake yinsa kafin a fito.

Haske

A Agusta rana na fitowa ƙarfe 6 da ƴan mintoci. Daga nan zuwa wajen 8 shi ne lokacin. Hasken na da taushi, iska ba ta tashi ba, mazari kuma bai gama ɗumama ba, don jikinsa sai ya sha rana yake iya tashi da ƙarfi. A nan ƙasar safiya ba ta da sanyin da zai riƙe shi da daɗewa, saboda haka in ka tsaya shan shayi ka rasa. A wannan lokacin ne kuma za ka iya dacewa da sabon mazari: ɗansa yana rayuwa cikin ruwa ne, in ya isa sai ya hau kara da dare ko da asuba, bayansa ya tsage, ya fito da fukafukai a cukurkuɗe, ya zauna sa'a ɗaya ko fiye suna miƙewa suna bushewa. Ba ya iya tashi, za ka ɗauka yadda kake so. Kada ka taɓa shi ko karan, don fiffiken da ya lanƙwashe a lokacin ya lanƙwashe ke nan. In ka makara, saɓar tana nan manne da karan, ita kuma ba ta gudu. Babu abin koyon saiti da ya fi ta.

Farin bado da dare yake buɗewa, ya kai hantsi kafin ya rufe, shuɗin kuma da safe yake buɗewa. Duba cikin furen, da wuya ka rasa ƙudan zuma ko wani ƙwaro.

Ranar da hadari ya rufe sama ba tare da ruwa ba, wuni guda ka samu. Tsakar rana mai ƙwalla kuwa inuwa take yi baƙi ƙirin, jikin kwaɗo mai laima ya yi ta ƙyalli. In dole ne, sa wani ya riƙe laima ko farin ƙyalle tsakanin rana da abin. Gefen da ya yi duhu kuma, murfin tukunyar dalma ko farin kwali zai mayar masa da haske. Da zafin rana za ka ga mazari ya ɗaga wutsiya sama tsaye. Rage zafin da ke dukan jikinsa yake yi, kuma hoto ne da ya cancanci gumin. Wayar dai kada ta kwanta a rana, tana yin zafi ta rufe kyamara.

Ƙyallin saman ruwa yana hana ganin abin da ke ciki. Baƙin tabarau mai tace ƙyalli yana cire shi. Don ka gane ko naka irinsa ne, kalli allon waya ta cikinsa kana juya shi. In allon ya yi duhu ko ya sauya launi, shi ne. Riƙe shi a gaban idon kyamara, ka juya a hankali har ruwan ya buɗe. Ya fi aiki in kana kallon ruwan a karkace, misali waya na sama da ruwa da mita 1, abin da kake ɗauka na gaba da wajen mita 1 da kwata zuwa da rabi. Yana cin haske, sai ka ƙara riƙe hannu.

Kwaɗi da dare

Daren da ya biyo bayan ruwa mai ƙarfi, kunne ma zai kai ka. Ku tafi ku biyu, ɗaya da tocila. Kada hasken ya fito daga inda kyamara take. Abokinka ya tsaya a gefe, ya rufe bakin tocilar da farar leda ko takarda don hasken ya yi laushi, sai ƙurajen bayan kwaɗon da zinariyar idonsa su fito. Filashar waya ita kaɗai hoto take bayarwa fari fat, ba fasali.

Da kun matso zai yi shiru. Ku tsuguna, ku kashe wuta, ku jira. In na kusa da shi suka ci gaba, shi ma zai ɗauka. Sannan a kunna a hankali daga gefe. Maza ne ke kukan, kuma abin da kake nema shi ne lokacin da jakar maƙogwaro ta kumbura. Ɗauka a jere, ko ka yi bidiyo ka ciro hoto daga ciki. Burduddugi ya fi wayo, yana shawagi ido kaɗai a waje, motsi kaɗan ya nutse; shi daga nesa ake ɗaukarsa. Washegari da safe ka duba ciyawar bakin ruwa, za ka ga ƙwan kwaɗo, dogon zare mai yauƙi da baƙaƙen ɗigo a jere. Cikin kwana kaɗan sun zama ƴaƴa masu wutsiya, baƙi ƙirin a ruwa marar zurfi.

Inda kwaɗi suka taru, maciji ma ya san da wurin. Takalmi rufaffe, haska ƙasa kafin kowane taku, kuma da dare ba a kwanciya rub da ciki.

Na cikin ruwa

Ruwan kududdufi sau da yawa ja ne, ba a ganin komai ta cikinsa. Ɗebo da rariya ko kofi mai dogon hannu, ka zuba abin da ka kamo cikin farin faranti mai ɗan zurfi, da ruwan wurin da ka bari ya kwanta. Kada ka sa ruwan famfo. Daga sama za ka ɗauki ɗan mazari, da ƙwaron da ke iyo a rigingine, da ƴaƴan kwaɗi. In kana son hoto ta gefe, mai yankan gilashi zai haɗa maka ɗan akwati siriri, faɗin cikinsa yatsa biyu, yadda abin ba zai samu wurin gujewa saiti ba. Sa koren ganye a baya da ɗan nisa. A inuwa ake wannan, minti kaɗan, a mayar da su inda aka ɗebo. Babban ƙwaron ruwan nan mai faɗi, launin ƙasa, mai lanƙwasassun ƙafafun gaba, kada ka sa masa hannu, cizonsa na da zafi ƙwarai.

Tsutsar sauro ma abin ɗauka ce, kuma hoton na da amfani. Wadda ta kwanta a miƙe daidai saman ruwa ita ce ta sauron da ke kawo zazzaɓi. Wadda ta rataye kai ƙasa wani iri ne. Wannan ne ma ya sa in wani ya ce zai binne rabin ganga a tsakar gida don ya jawo mazari, nakan ce ya yi tunani. A zafinmu sauro na iya kammala girma cikin kwana 7 zuwa 10. In za ka yi, zubar da ruwan duk mako. Su tsutsotsin da ka ɗauka kuwa, a ƙasa ake juye su.

Ruwan kansa kada ka shiga da ƙafa ko hannu tsirara. Tsargiya daga katantanwar ruwa take fitowa, ta ratsa fata ba tare da ka ji ba, kuma da tsakar rana ta fi yawa. Takalmin roba mai tsawo da safar hannu sun wadatar. Wanda ya ga jini a fitsari ya tafi likita, akwai maganinta.

Mutanen wurin

Kududdufi ba naka ba ne kai kaɗai. Akwai mata masu wanki, da masu shayar da dabbobi, da yara. Yi sallama, ka faɗi abin da ya kawo ka, kuma kyamararka kada ta kalli inda mata suke ko inda yara ke wanka. Wani dattijo mai buga tubali a wajenmu, da ya gan ni kwance cikin ciyawa, cewa ya yi, "Malam, lafiya dai ko?" Na ce, "Lafiya lau, Baba, mazari nake ɗauka." Sai da na nuna masa idon a allo ya yarda, yanzu kuma shi ke gaya mini gefen da guza ke fitowa shan hantsi. Yara kuwa za su taru, babu makawa, in ka kore su su koma jifan ruwa. Kira babbansu, "Zo nan, ɗan samari, riƙe mini murfin nan," sai ka ga shi ke tsawata wa sauran.

In ka koma gida, zaɓi kaɗan ka goge saura. Yanke hoton yadda za a bar fili a gaban fuskar ƙwaron, ka ɗan ƙara haske in da bukata. Manhajar gyaran hoto ta Snapseed ta isa. Kada ka cika launi har jan mazari ya koma na fenti. Wajen turawa ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za ta matse shi jijiyoyin fiffike su ɓace. Rubuta rana da unguwa. In kana son sanin ainihin nau'in abin da ka ɗauka, ɗora shi a manhajar tantance halittu ta iNaturalist, masana na dubawa su faɗa.

Daga Oktoba ruwan zai fara ja, abin da ya rage ya taru a ɗan wuri, balbela da zalɓe su sauko cin rabonsu. Makonnin nan suna da albarka, sai dai taɓon bakin ruwa yana da santsi da zurfi, a taka da sanda. In kududdufan gari sun ƙafe, sai lambunan Mirriya, ko tafkin Gidimuni a kan hanyar Gure, wanda ke riƙe ruwa har cikin rani. Can kuma lokacin hunturu ne, saka kyamara cikin leda mai zif, ka fito da ita sai za ka ɗauka.